Zailani Mai Fenti da Yaƙin da Ke Bayan Mota

Duk direban babbar mota da ya taɓa ɗaukar shanu daga Mai'aduwa zuwa kudu ya san rumfar Malam Zailani Mai Fenti. Tana nan a Daura, gefen hanyar Kano, tsakanin shagon Mansur mai walda da wurin mai facin taya. Rumfar kwano ce, ƙasanta ya sha fenti har ba a gane asalin launin ƙasar. Shi kansa Zailani gajere ne mai faɗin ƙirji, ya haura sittin da kaɗan, kuma tun da aka san shi ba a taɓa ganin farcensa fes ba, ko da ranar Sallah ce. In yana magana hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya. Matarsa Barakatu takan ce in aka ɗaure masa hannu, to an rufe masa baki.

A wani ƙauye kusa da Baure aka haife shi. Mahaifinsa manomin gero ne, kuma ya so ɗansa ya riƙe fartanya, amma Zailani gawayi ya riƙe. Ba rumbu ba, ba katanga ba, duk inda ya ga fili sai ya zana wani abu. Ya sha faɗa bai daina ba. Yana da shekara goma sha takwas ya bi wata motar gyaɗa zuwa Kano, ya faɗa hannun wani mai zanen motoci a Sabon Gari, ya yi shekara bakwai yana wanke buroshi, yana haɗa launi, yana koyo.

A can ne ya fara shiga silima, kuma a can ne fim ɗin kaboyi ya kama shi. Ba wanda ke jin Turancin da ake yi a cikinsu, ba kuma wanda ya damu. Abin da kowa ya sani shi ne: in waɗansu mutane masu gashin tsuntsu a ka suka kewaye ayarin Turawa suna ihu, to a jira kaɗan. Can sai a ji busar begila daga nesa, sojojin doki masu shuɗin riga su ɓullo daga bayan tudu a sukwane, sai silima ta ɗauka gaba ɗaya, mutane su miƙe kan benci suna tafi suna fito. Zailani yakan fi kowa ihu. Har muryarsa takan dishe.

Da ya dawo Daura ya kafa rumfarsa, wannan hoton ne ya zama tambarinsa. A ƙofar bayan mota, ta dama, sojojin doki da takubba a sama, ɗaya na busa begila. Ta hagu kuma masu gashin tsuntsu suna gudu, ɗaya ya rikito daga kan doki, ƙafa a sama. Direbobi suka sa wa hoton suna Begila. In direba ya ce, "A yi mini Begila," ba sai ya ƙara bayani ba. Motoci nawa ya yi wa, shi kansa bai sani ba. Da wannan buroshin ya yi aure, da shi ya gina ɗaki uku a gidansa, da shi ya sa 'ya'yansa biyar a makaranta.

Sannan zamani ya juya. Aka fara buga sitika da inji, a liƙa a minti goma. Waɗansu masu motoci kuma suka ce su dai fure da rubutu ya ishe su, ba sa son hoton mai rai. Zailani ya koma rubuta allon kantin magani da na makarantun kuɗi. Yana yi, aikin na kyau, amma yakan dawo gida shiru. Barakatu ta tambaye shi ko lafiya, ya ce, "Aikin da ba doki a ciki, ai sai a hankali."

Ana nan, a ƙarshen daminar bara, sai ga Alhaji Ɗanbaba, dillalin shanu, ya zo da sabuwar gingimari mai bodin katako, ko ɗigon fenti babu a jikinta. Direbansa Sabiru ya tsayar da ita gaban rumfa, ta rufe rana.

Alhaji ya ce, "Malam Zailani, ka tuna motar mahaifina da ka yi wa Begila?"

"Ranka ya daɗe, in manta? Ja ce, ƙofar bayanta ta ɗan karkace ta hagu."

"To irinta nake so. Sak. Kada ka rage ko doki ɗaya. Zan tafi Damagaram sayen shanu, mako biyu. In na dawo in tarar da ita."

Ranar nan Zailani bai san lokacin da ya isa gida ba. Bayan la'asar ya shimfiɗa takardar siminti a tsakar gida, ya durƙusa da gawayi, yana zane yana busa begila da baki. Autarsa Khairunnisa, wadda ke karatun tarihi a jami'a a Katsina, ta zo hutu, tana gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ta leƙo.

"Baba, su waye waɗannan da ake kora?"

"Jajayen Indiya. Su ne mugayen. 'Yan fashin daji ne."

"Wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Da idona na gani a silima."

Ta ajiye faifan ta matso. "Baba, ba Indiyawa ba ne. Wannan hular gashin tsuntsun da ka zana, da tantunan nan masu tsini, irin na mutanen Suu ne da maƙwabtansu."

"Su wa?"

"Suu."

"Na ji su. Su wa? Ki ƙarasa mana, Khairi."

Barakatu da ke madafi ta kwashe da dariya har tana tari. Khairunnisa ta ɗauki gawayin ta rubuta a gefen takardar: Sioux. Ta ce haka Turawa ke rubutawa, a karanta Suu, amma su da bakinsu waɗansunsu Lakota suke kiran kansu, waɗansu Dakota. Ta ce a makaranta sun yi darasi a kansu, a zangon da ya wuce.

Sai ta fara ba shi labari. Ta ce mutane ne da ke zaune a wani makeken fili a tsakiyar Amurka, filin ciyawa da za ka yi kwanaki kana tafiya ba ka ga ƙarshensa ba. Dawaki ne dukiyarsu. Wata irin ɓauna ce mai tozo da gashi abincinsu. Fatarta ce tantinsu, ita ce bargonsu. Inda garken ɓauna ya nufa, nan suke kwashe kayansu su bi, da mata da yara. Ta ce ba mala'iku ba ne, su ma suna yaƙe-yaƙensu da maƙwabta, amma a ƙasarsu suke. Sai baƙi suka fara ratsowa da kekunan shanu, aka kafa barikokin soja, aka shimfiɗa layin dogo. Aka yi ta gwabzawa, har gwamnati ta zauna da su aka rubuta yarjejeniya cewa waɗansu duwatsu da suke girmamawa, da ƙasar da ke kewaye da su, nasu ne. Ba a yi shekara goma ba aka ga zinare a duwatsun.

Zailani ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya. Kina nufin ƙasarsu ce? Sojojin ne suka zo suka same su?"

"Su suka zo, Baba."

"Ba su ne suka je garin sojojin ba?"

"A'a."

Ta ciro wayarta ta nuna masa tsofaffin hotuna. Ga wani dattijo da fuska kamar an sassaƙa, yana kallon mai ɗaukar hoto ido cikin ido. Ga mata a bakin tanti da jariri a goye cikin wani abin fata. Ga kuma wani tsibi kamar tudu, mutum a tsaye a ƙolinsa. Zailani ya ce wannan duwatsu ne? Ta ce ƙoƙunan kan ɓauna ne. An yi ta harbe su, miliyoyi, har saura 'yan ɗaruruwa, kuma da ɓauna ta ƙare yunwa ta shigo tantuna.

Ya daɗe riƙe da wayar. Ya dubi zanensa, ya dubi mutumin da ya rikito ƙafa a sama, wanda ya fi shekara talatin yana kayar da shi daga kan doki. Ya ce a hankali, "Ni kuwa har kan benci nake hawa ina tafi."

Khairunnisa ta ga ransa ya ɓaci, sai ta ce, "Amma akwai ranar da suka ci, Baba."

Ya ɗago da sauri. "Suka ci wa?"

"Sojojin dokin. A shekarar alif ɗari takwas da saba'in da shida, lokacin zafi. Suu da abokansu sun yi babban zango a bakin wani kogi, dubban mutane. Rundunar sojan doki ta zo ta faɗa musu da rana tsaka, tana zaton za su watse. Mata suka kwashi yara, maza suka ruga wajen dawaki. Da yawansu ko sirdi ba su tsaya ɗaurawa ba. Suka haye kogin, suka kewaye wani ɓangare na rundunar a kan tudu, mutum fiye da ɗari biyu, har da babban kwamandan. Ko ɗaya bai fita ba."

Zailani ya yi zumbur ya miƙe, ƙafarsa ta kifar da faifan shinkafa. "Allahu Akbar! Da begilar da komai?"

"Da komai."

"Barakatu, kin ji? Da begilar da komai! To me ya sa ba su taɓa nuna mana wannan a silimar da muke shiga ba?"

Barakatu ta fito tana cewa ita dai shinkafarta ta sani, wa zai tsince mata ita daga ƙasa. Shi ko jinta bai yi ba. Ya juya takardar simintin ta ɗaya gefen, ya durƙusa, ya ja layi biyu, sai ya tsaya. Ya sake ja, ya goge. Abin da ya gane ya ba shi mamaki: bai iya zana mutanen nan a zaune daram kan doki ba. Faɗuwarsu kawai hannunsa ya sani. Yaya mutum ke zama kan doki ba sirdi ba likkafa, doki na zabga gudu, hannu biyu kuma na riƙe da baka?

Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi wani ƙauye a bayan Zango, wajen tsohon abokinsa Kalilu. Kalilu manomi ne mai shekara hamsin da ɗoriya, siriri kamar kara, yana da wata goɗiya danda, fara mai manyan ɗigo ja, wadda yake ji da ita kamar 'yarsa. Zailani ya same shi yana ba ta harawa, ko gaisuwa ba su gama ba ya zayyana masa abin da ya kawo shi.

Kalilu ya ce, "Wato ka taso tun daga Daura don in cire sirdi in yi sukuwa ka kalla?"

"Ka kuma saki linzami, ka riƙe sanda da hannu biyu kamar baka."

"Kana so ka mayar da matata gwauruwa ke nan."

"Kai da kake tsere ba sirdi tun muna samari? Ko tsufa ya zo?"

Wannan maganar ce ta yi aiki. Suka ja goɗiyar zuwa makiyayar da ke arewa da gari. Damina ta yi kyau, ciyawa ta kai gwiwa, kore shar har inda ido ya tsaya, iska na kwantar da ita tana tashi. Zailani ya tsaya ya buɗe baki. Ya ce a ransa, ashe filin da Khairi ke faɗa ga irinsa nan a bayan gida.

Kalilu ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya dafa wuyan goɗiyar, sai ga shi a bayanta. Ya tafi can nesa har ya zama ɗigo, sannan ya juyo. Zailani ya fara jin ƙasa na amsawa kafin ya gan su sosai. Goɗiyar ta miƙe wuya, kunnuwa a kwance, Kalilu ya manne da ita, gwiwoyinsa sun matse haƙarƙarinta, ƙafafunsa sun lanƙwashe baya, ya saki linzami ya ɗaga sanda. Suka wuce shi fuu, ciyawa ta dare biyu.

"Haka! Haka! Sake!" Zailani na tsalle, gawayi na gudu a kan takarda. "Gwiwa ce ashe! Duk sirrin a gwiwa yake! Sake, Kalilu, ka karkato ta gefe kamar kana ɓuya bayan wuyanta!"

Sau shida Kalilu ya wuce. Mata masu dawowa daga rijiya suka sauke tuluna suka tsaya kallo, wata ta rangaɗa guɗa. A na bakwai Zailani ya ce shi ma sai ya hau, don hannu ba ya zana abin da jiki bai sani ba. Kalilu ya hana, ya ƙi hanuwa. Aka ɗora shi. Goɗiyar ta yi taku goma lafiya, ta ɗan ƙara sauri, sai Malam Zailani ya zame ta gefe a hankali kamar buhun da ba a ɗaure ba, ya faɗa cikin ciyawa. Kalilu ya rugo a tsorace, ya tarar da shi kwance rigingine yana dariya har da hawaye.

"Na ji! Wallahi na ji yadda take motsi a ƙarƙashina! Taku goma ya ishe ni."

Ya dawo Daura yana ɗingishi, da takarda goma sha ɗaya a naɗe a hammata. Ya sa aka kewaye bayan motar da tamfol, ya shige ciki. Kwana tara ya yi yana aiki daga hantsi har rana ta yi sanyi. Khairunnisa kan kawo masa abinci, ya tsare ta da tambayoyi. Wane irin tsuntsu ne mai gashin? Gaggafa. Bindiga suna da ita? Waɗansu na da ita, waɗansu baka da kibiya, waɗansu kulki. Kowa ne ke sa doguwar hular nan? A'a, sai wanda ya yi suna. Da yawa gashi ɗaya ko biyu suke sokawa a kai. Ya goge huluna huɗu ya gyara. Ta ce kuma ya cire kukar da ya dasa a bakin kogin, babu kuka a ƙasarsu. Nan ne suka yi gardama, don shi a ganinsa fili ba kuka bai cika fili ba, amma ya cire.

A rana ta shida hadari ya taso daga gabas bagatatan, fenti bai bushe ba. Iska ta fizge tamfol ɗin ta gefe ɗaya. Zailani ya ƙwala kira, Mansur mai walda da Sabiru direba suka rugo, su uku suka rungume tamfol suna kokawa da iska, ruwa na dukansu, har aka samu aka ɗaure. Da suka shige ciki suna haki, Mansur ya ɗaga kai ya ga abin da ke jikin ƙofar. Ya ce, "Malam, ai ka juya hoton."

Sabiru ya dafe kai. "Innalillahi. Malam Zailani, Alhaji sak ya ce. A gabana ya faɗa."

"Na ji shi."

"To ka kira shi mana."

Zailani ya ce zai kira. Bai kira ba. Ya ɗauki wayar sau biyu ya ajiye, don ya san in Alhaji ya ce a'a ta waya, magana ta ƙare, shi kuma hannunsa ba zai yarda ya koma kan tsohon hoton ba. Mansur kuwa bai iya riƙe magana ba. Kafin kwana biyu duk tasha ta ji cewa Zailani ya sa Jajayen Indiya sun kori soja.

Ranar da Alhaji Ɗanbaba ya dawo, da hantsi, mutum ya fi hamsin a gaban rumfa: direbobi, 'yan kamasho, masu babur, masu kai dabbobi kasuwa da suka tsaya ganin abin da ya tara jama'a. Zailani ya sa hannu ya yaye tamfol.

Wurin ya ɗauki "Kai!" gaba ɗaya. Kogi shuɗi ya ratsa ƙasan ƙofar, tantuna farare a bayansa, mata na gudu da yara. Daga cikin ruwan mahaya ke fitowa, ruwa na fallatsa, a gabansu wani siririn mutum a kan goɗiya danda, ya karkata bayan wuyanta, ya ja baka har kunne. Kai ka ce motar za su tsallake su faɗo kan titi. A kan tudu ta dama sojojin doki sun cure wuri ɗaya, dawakinsu na tsaye da ƙafar baya, tuta ta karkace. Mai begila na tsaye a tsakiya, begilar a hannu, bai kai ta baki ba.

Alhaji bai ce "Kai" ba. Ya harɗe hannu a baya. "Malam Zailani, me na ce maka?"

"Sak ka ce, ranka ya daɗe."

"Wannan sak ne?"

"Ba sak ba ne. Na yi laifi, ya kamata in kira ka. In ka ce in goge, yau zan goge. Amma ka ba ni minti biyar ka ji ko su waye."

Bai jira amsa ba ya haye kan wata tsohuwar gangar mai. Abin da Khairunnisa ta gaya masa a zaune, shi a tsaye ya faɗe shi, da hannu da ƙafa. Ya zama ɓauna, ya zama mai rubuta yarjejeniya yana lasar alƙalami, ya zama mai haƙar zinare. Da ya zo kan ranar yaƙin sai ya durƙusa kan gangar kamar mahayi, ya matse ta da gwiwa, yana dukanta da tafin hannu tana ba da sautin kofato. Wani ɗan kamasho ya ce, "Su wa ka ce sunansu?" Ya ce, "Suu!" Aka ce, "Su wa?" Jama'a ta fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce haka shi ma ya tambaya. Da ya kai inda aka kewaye tudun, masu babur suka hau danna oda, wuri ya kaure.

Alhaji ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Daga nan fa? Sun ci gaba da ci?"

Zailani ya sauko daga kan gangar. "A'a, ranka ya daɗe. Aka turo musu soja ninkin na farko. Ga sanyi, ga yunwa, ba ɓauna. Cikin shekara guda mafi yawansu suka miƙa wuya, aka tsugunar da su a keɓaɓɓun wurare, aka ƙwace duwatsun. Amma suna nan har yau, jikokinsu na raye. 'Yata ta ce bayan shekara ɗari kotu ta ce a biya su diyya, suka ce su ba kuɗi suke so ba, duwatsunsu suke so."

Wani Bafulatani da ke riƙe da igiyar bijimi ya gyaɗa kai ya ce, "Waɗannan ai mu ne. Burtalin da kakana ya bi, yau babu shi."

Wani dattijo manomi da ke gefensa ya ce, "Ku ne ina? Mu ne dai. Gonar da na gada, gari ya cinye ta ina kallo."

Suka fara musu, kowa na nuna hoton da yatsa, har Mansur ya shiga tsakani ya ce ƙofar mota ce, da faɗi, ta ishi kowa.

Alhaji ya matsa kusa, ya daɗe yana duban sojojin. Ya ce, "Mai begilar nan, ban ga ka yi masa fuskar mugu ba."

"Khairi ta ce da yawansu talakawa ne da suka shiga soja don abin da za su ci. Waɗansu ma baƙi ne, ba su daɗe da zuwa ƙasar ba. Na rasa yadda zan yi masa fuskar mugu."

Alhaji ya koma kan mahayin gaba, ya ƙanƙance ido. "Tsaya. Wannan ba dandar Kalilu ta Zango ba ce? Sau biyu ina aika a taya mini ita yana hanawa."

"Ita ce. Shi ne ma a kai, na dai ƙara masa gashi."

Dariya ta ƙwace wa Alhaji duk da ƙoƙarin da ya yi ya riƙe ta. Ya girgiza kai. "To ga ta a motata ko ya ƙi ko ya so. Bar shi, kada ka goge. Amma Malam Zailani, gobe in na ce sak, ka kira ni kafin ka juya mini dawaki. Mota tawa ce." Zailani ya ce ya ji, kuma ya san gaskiya aka gaya masa. Alhaji ya juya ga direbansa. "Kai kuma Sabiru, zauna ya koya maka labarin nan da kyau. Duk inda ka tsaya sai an tambaye ka."

Haka kuwa aka yi. Motar ta ɗauki shanu ta yi kudu, kuma kafin ta dawo direbobi uku sun zo rumfa suna cewa a yi musu irin ta Alhaji Ɗanbaba. Yanzu Zailani ya koma hawa tsani. Ya sayi tabarau don ido ya fara gajiya, Barakatu kuma ta koma ƙorafin fenti a hannun riga. Har yanzu yana rubuta allon kantin magani in ya samu, amma da waƙa a bakinsa yake yi.

Kwanan baya yana cikin cin abincin rana a rumfa sai ga wayar Sabiru daga wani gari a kan hanyar Ibadan. Ana jin hayaniya a bayansa.

"Malam, na tsaya shan mai mutane sun kewaye motar. Na gaya musu yadda Suu suka kashe soja dubu goma a rana ɗaya, wani malamin makaranta a nan ya ce ƙarya nake. Ka gaya masa da bakinka."

Zailani ya ajiye cokali ya miƙe tsaye. "Dubu goma? Sabiru, wa ya ce maka dubu goma? Ɗari biyu da wani abu na ce!"

"Ai Malam ɗari biyu ba ta cika baki."

"Ba ruwanka da cika baki! Mutumin ya fi ka gaskiya. Ba shi wayar. Yana jin Hausa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Ya isa. Ba shi."

Aka miƙa wa malamin waya. Zailani ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya soma tun daga filin ciyawa da ɓauna, wayar a kunne, ɗaya hannun na yawo a iska. Mansur ya kashe injin walda ya jawo benci. Abincin ya huce a kwano, kuma sai da katin Sabiru ya ƙare aka rabu, ana tsakiyar haye kogi a labarin.